Inda Lokotoron Shanu Ya Sauka

Moton ya yi tari sau biyu ya mutu. Baba Ishaƙu ya sake taka babur ɗin, ya sake mutuwa. Inna Zara'u na zaune a baya, ƙafafunta biyu gefe guda, hannu ɗaya ya rungume kwanon abinci a cinya, ɗayan ya kama ƙarfen kujera, don tana kunyar riƙe mijinta a gaban mutane.

"Malam, in ya ƙiya mu koma ciki. Halama ba a rubuta yau ba."

"An rubuta," in ji shi, yana haki. "Tsoho ne kamar ni, sai an lallashe shi."

Ina ƙofar gida ina tuyar masa, kamar yadda na saba kowace safiya. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninmu da su, tun ranar da aka kawo ni gidan Na Allah tela a nan Tasawa, kuma ban taɓa ganin Inna Zara'u a kan moto ba. Masu jiran masa duk suka juya suna kallo.

"Sakina!" Baba ya ƙwala mini kira. "Ce wa maigidanki shi zo shi tura mu."

Na Allah ya fito da asuwaki a baki, ya dafa bayan moton ya yi ta turawa har gindin bedi, dogon yaron da ke bakin lungu. Nan injin ya kama da ƙara. Inna ta saki ƙarfen ba shiri, ta cafke rigar mijinta. Muna kallo suka sha kwana, gefen mayafinta na kaɗawa.

"Ina za su da sassafe haka?" wata ta tambayi Na Allah da ya dawo. "Rasuwa aka yi?"

"Ba a yi ba. Ya ce yawo za su."

"Yawo? Da hurhura?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don na san abin da ba su sani ba.

Lokotoron Shanu, wato likitan shanu, ake ce da Baba Ishaƙu, har yara ba su san sunansa na yanka ba. Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin gwamnati na yi wa dabbobi allurar rigakafi, kuma babu rijiya ko mashekari, wato rugar rani ta Fulani, tsakanin Tasawa da Mayahi da bai sha ruwansu ba. Sai ya yi kwana goma, wani lokaci sati uku, ba ya gida. Inna kuwa tana tsakar gida da yara da turmi. In ya dawo sai ya zauna a tabarma ya kwashe mata labarin duk inda ya taka: wane gari ne rijiyarsa ta fi zurfi, ina ne furarsu ta fi daɗi, wace itaciya ya yi barci a gindinta. Har ta haddace ƙasar kaf ba ta taɓa ganinta ba. In baƙo ya ambaci wani ƙauye, sai ka ji ta ce, "Wanda ke da kuka biyu a bakin hanya?" Baƙo ya ce, "Kin taɓa zuwa?" Ta ce, "Malam ya je."

A tsakiyar sanyin shekarar nan suka je Maraɗi ganin likitan ido. Ta daɗe tana tuntuɓe da kwanoni, tana cewa yara ne ke ajiye su a hanya, alhali yaran duk sun yi aure sun watse. Likita ya ce ciwon ya riga ya cinye jijiyar, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma yana kan hanya. Ya ba ta maganin ɗigawa. Hannun Baba na rawa, shi ya sa ni nake shiga safe da yamma ina ɗiga mata.

"Yaya kike gani yanzu, Inna?" na tambaye ta wata rana.

"Kin san in kika leƙa ta kahwar zana? To haka. Kuma kullum kahwar ƙara tsukewa take."

Sai sanyi ya naɗe tabarmarsa. Zafin bazara bai kankama ba tukuna, azumi kuma da sauran kusan wata biyu. 'Yan makonnin nan ne da safiya ke da daɗi, bedi ya yi fure har ƙamshinsa na bin mutum cikin ɗaki. A lokacin ne Baba ya fito da tsohon motonsa daga rumfa, ya wanke shi, ya zuba masa mai.

Ranar farko ba su yi nisa ba, la'asar ta yi musu a gida. Da na shiga da magani na iske Inna kwance rigingine a tabarma, ƙafafunta sun yi futu-futu, tana murmushi ita kaɗai.

"Sakina, ashe ƙasa faɗi gare ta haka? Na ce mishi tsaya, ya tsaya. Na sauka na juya gabas, na juya yamma, babu katanga ko ɗaya. Sai jiri ya kama ni. Na ce Malam riƙe ni, zan hwaɗa sama."

"Sama kuma, Inna?"

"Wallahi haka na ji. Kamar an buɗe murhin tukunya ni ce tururin."

Ta ba ni labarin gawo, wanda duk itatuwa sun zubar da ganye shi yana kore shar, awaki sun taru a gindinsa sun ɗaga kai suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Ta ce ta daɗe tana kallon akuya guda, fara mai baƙin kunne, don ita kaɗai ta shiga cikin kafar idonta. Baba na gefe yana hura gawayin shayi, na ga yadda yake sauraro, kamar ba shi ya kai ta ba.

Daga nan abin ya zama sati-sati. Suka je garin Sarkin Hausa. Ta dawo tana cewa rumbunan bakin garin kamar mata ne zaune da malafa suna jiran a raba goro. Wata tsohuwa ta gane Baba, ta kama hannun Inna ta ce, "Ke ce Zara'un? Yau ga Zara'u! Mun sha jin sunanki, har mun zaci ƙarya yake, ba ya da mata." Inna ta maimaita mini wannan magana ta fi sau biyar.

"Ashe shina hwaɗin sunana a waje," ta ce. "A gida 'ke' nike."

A unguwa kuwa magana ta yi yawa. Wasu suka ce tsufa ne ya taɓa shi. Wasu suka ce ai neman magani suke wurin masu tsubbu suna ɓoyewa. Maza a bakin shagon Na Allah suna yi masa ba'a, "Ango, ina aka nufa wannan sati?" Shi kuwa sai ya ɗaga musu hannu ya wuce.

Wata safiya na shiga zaurensu da kwalbar magani, na iske shi zaune a dakali yana kokawa da takalmi. Ƙafar ta kumbura ta yi sumul, tana sheƙi. Ya danna yatsa a kai, gurbin ya zauna bai tashi ba. Da ya gan ni ya ja riga ya rufe.

"Baba, wannan ƙahwa fa?"

"Tahiya ce."

"Tahiya ba ta yin haka."

Ya leƙa cikin gida, ya ji ƙarar tsintsiya daga can ƙurya, sannan ya rage murya.

"Ran da muka je Maraɗi ni ma an auna ni. Sun ce zuciya ta gaji. In kwanta, in bar gishiri, in bar hawan moto." Ya yi 'yar dariya. "In na kwanta wa zai kai ta? Shekara talatin da biyu ina ce mata wata rana, wata rana. To ga wata ranar ta zo, Sakina, kuma saura kaɗan ta wuce."

"Ai sai a ɗauki mota, ko ɗanku Rabilu shi zo..."

"Inda nike son ta gani mota ba ta zuwa. Shi kuwa wancan in ya ji, Yamai zai kwashe mu, shi aje mu a ɗaki mai sanyi muna kallon bango. Ki rufa mini asiri, ɗiyata. Kada ta ji. Kada shi ji."

Na ce to. Har yau ina juya wannan "to" ɗin a raina.

Rabilu shi ne babban ɗansu, ma'aikaci a Yamai, babban birni. Kwana biyu bayan haka ya kira ni a salula, don wani ya kai masa labari.

"Sakina, mi nike ji? Wai tsoho na yawo da Inna bisa moto cikin daji? C'est pas sérieux! Wannan ai wasa ne da rai! Mutum mai shekara saba'in! Lahiyarsu ƙalau kuwa?"

Na dubi katangar da ke tsakaninmu. Ta bayanta ina jin Inna na yi wa Baba faɗa a kan ya zuba sukari da yawa.

"Lahiya lau suke," na ce. "Shan iska ne kawai."

"Ki ce musu su bari. Bayan salla ina zuwa."

Ban faɗa musu ba.

Tafiya ta huɗu Mayahi suka yi, ranar kasuwa, daga nan suka gangara Gulbin Kaba. Sai dab da magariba suka dawo, Baba ya shige ɗaki ya kwanta ko shayi bai nema ba. Washegari da na je ɗiga magani, Inna ta riƙe hannuna bayan na gama, ba ta saki ba.

"Zauna in ba ki labari. Mun ga goriba, Sakina. Ba goma ba, ba ɗari ba. Kowace ta rabu biyu, biyun sun rabu huɗu, kamar masu roƙon ruwa sun ɗaga hannuwa. In iska ta taso sai ki ji kaba na magana, shaa, shaa, ki ce ruwan sama ne ya sauko can nesa. Na ce mishi a nan aljannu ke shan inuwa. Ya ce awo, ya san su, ya yi wa shanunsu allura."

Muka yi dariya. Sai ta rage murya.

"Daga nan ya kai ni tabkin nan da ya daɗe shina ba ni labari. Wanda ya ce agwagin ruwa na sauka har ba a ganin ruwan. Muka tsaya. Na ji ya yi shiru, ya daɗe. Can sai ya ce, 'Kin gani? Ga shi nan cike, har bakin itatuwa.'"

"Kin gan shi?"

"Sakina, babu ruwa a wurin nan. Ido ya tahi amma hanci na nan. Ko ƙamshin laka babu. Ƙasa ce busassa, na ji ta tana ɓarewa ƙarƙashin takalmina. Yanzu kahwar ma hazo ya cika ta, sai haske da inuwa nike gani. Amma na ce, 'Kai, Malam, wanga ruwa da yawa shike!' Ya ce, 'Ga agwagi can.' Na ce, 'Na gan su, har da 'yan ƙanana.' Muka zauna bakin ruwanmu muka ci dambu."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ta ji shi a bayan hannunta.

"Mi ne na kuka? Wallahi na ga tabkin nan. Tun ina da cikin fari nike ganin shi. Jiya dai na je na gaishe shi. Kada ki hwaɗa mishi ban gani. Shina jin daɗi."

"Ba ni hwaɗi, Inna."

"Kuma ki rage mishi gishiri in kin aiko da miya."

Na ɗago na dube ta. Fuskarta na kallon sama, maganin na gangarowa ta gefen ido. Ban tambaye ta yadda aka yi ta sani ba.

Sati biyu ba su fita ba. Iskar safe ta fara ɗumi, furen bedi ya zube ya rufe bakin lungu. Na ɗauka an gama. Sai wata Alhamis, ina haɗa wuta, na ji ana fito da moto. Baba ya sa farar riga da takalmin soso, don ɗayan ya daina shiga. Inna ta sa zanen da ta je sunan jikanta da shi.

"Yau nesa za mu," ya ce mini. "Bayan Attantane, wurin Bello. Abokina ne, Bafillace. Shekarar da ciwon huhu ya shiga shanu, kwana arba'in na yi a mashekarinsu. Kullum shina cewa in kawo mishi uwargida ta sha nono mai ɗumi. Daga wannan mun aje, azumi ya matso."

"Baba, da kun bari rana ta..."

"Zuba mana masa, ɗiyata. Masu zahi."

Na zuba musu a leda, na ƙulle. Inna ta lalubo kafaɗarsa ta hau, ta zagaya hannu ta riƙe shi sosai, ba ruwanta da masu kallo. Taku ɗaya moton ya tashi.

Ana kiran la'asar Na Allah ya shigo gida da salula a hannu, zaren ɗinki na rataye a wuyansa. Bai yi sallama ba.

"Sakina, ɗauko mayahinki. Wani Bello ya kira. Baba Ishaƙu ya cika."

Muka sami mota mai buɗaɗɗen baya, ni da Na Allah da Liman da maza biyu na unguwa. Ban taɓa bin hanyar nan ba, amma duk inda muka wuce sai in ji kamar na san shi. Ga gawo da awakinsa. Ga rumbunan Sarkin Hausa zaune da malafunansu. Da muka gangara gulbi bayan Mayahi, ga goriba sun ɗaga hannuwa, rana na bi ta tsakaninsu. Ni dai ina zaune ina kallo, kamar wani ne ke ba ni labarin tafiyar ba ni ke yin ta ba.

Inda mota ta kasa, wani dogon dattijo da sanda a kafaɗa yana tsaye yana jiranmu. Shi ne Bello. Ya kai mu da ƙafa cikin rairayi har mashekarin: bukkoki huɗu a gonar da aka girbe, turakun maruƙa, da wata babbar tsamiya can gefe. Sun riga sun yi masa wanka, sun sa shi a likkafanin da Bello ya ajiye wa kansa.

Inna na zaune a tabarma bakin bukkar Bintu, matar Bello. Na durƙusa na kama hannunta. Ta shafa yatsuna ta gane ni.

"Sakina. Kin sha hanya."

"Inna, sai haƙuri."

"Haƙuri ya zama dole. Zauna."

Ta ba ni labarin da muryarta ta kullum, irin wadda take ba ni labarin kowace tafiya. Sun iso da hantsi. Bello ya rungume Baba har hularsa ta faɗi. Aka kawo nono, aka dama fura, suka ci masata. Baba ya zagaya cikin shanu yana kiran jikokin waɗanda ya yi wa allura, yana buɗe bakinsu yana duba haƙora. Da aka yi azahar ya ce zai kai ta gindin tsamiyar da ya yi kwana arba'in yana barci. Ya shimfiɗa mata rawaninsa, shi ya jingina da itaciyar.

"Ya ce in hwaɗa mishi abin da nike gani. Na ce shi dai shi hwaɗa mini. Ya ce a'a, yau ni zan ba shi labari, shi ya gaji. To sai na fara. Na ce ga shanu jajaye can sun nuho rijiya. Na ce ga hayaƙi na tashi daga bukka. Duk abin da kunnena ya ba ni sai in mayar mishi. Shina cewa, 'Uhm. Uhm.' Can na ce ga wani tsuntsu bisa kanmu, ban san sunanshi ba. Ya ce, 'Zara'u.' Na ce na'am. Shekara arba'in da bakwai, sai yau na ji sunana a bakinshi. Na jira in ji sauran maganar."

Ta gyara mayafinta.

"Na ci gaba da ba shi labari. Na san ya tahi, don kahwaɗarshi ta yi nauyi a jikina. Na yi mishi kalmar shahada a kunne, na shafa idonshi na rufe. Amma ban kira kowa ba tukuna. Na ce bari in ƙarasa mishi, ban kai ƙarshe ba."

Na kifa kaina a gwiwarta.

"Inna, na sani. Ya hwaɗa mini zuciyarshi ba lahiya, ya ce in ɓoye. Rabilu ya tambaye ni na ce lahiya lau. Da na yi magana..."

"Da kin yi magana da shina kwance a Yamai ana ɗura mishi ruwa, ni ina zaune ina kallon duhu. Ke kina zaton ban sani ba? Wa ke shafa mishi man zahi a ƙahwa? Ina bayanshi bisa moto, kunnena na kan bayanshi, ina jin yadda zuciyar take bugawa tana tsayawa. Kowace tahiya sai in ce yau zan ce a bari. Sai in ji shina waƙa cikin iska." Ta dafa kaina. "Tashi. In laihi ne mu ukku muka yi shi."

Na Allah ya matso da salula, ya ce Rabilu ne. Muna jin muryarsa tun daga nesa. Yana cewa a sa gawar a mota a kai Tasawa, a jira shi, gobe da azahar yana isowa. Liman ya ce zafi ya fara, jinkiri ba shi da kyau, amma magana tana wurin iyali. Bello na tsaye gefe ya sunkuyar da kai. Inna ta miƙa hannu aka sa mata wayar. Ba ta kiran sunan ɗan fari, ko a ranar ba ta kira ba.

"Kai, saurara. Ubanka ya yi shekara talatin shina sauka a wurin mutanen nan, ba su taɓa ce mishi tashi ba. Yau ma ya sauka. Ka bar shi inda ya sauka."

Can sai muka ji kukansa, irin na babban mutum da ya daɗe bai yi ba.

"To, Inna," ya ce. "To."

Maza suka ɗauke shi. Ban san daga ina mutane suka fito ba. Dajin da na ɗauka babu kowa sai ga shi yana fitar da su ɗaya-ɗaya, wasu a kan jakuna, wasu a amalanke, wasu da ƙafa da sandunansu, duk wanda ya ji cewa Lokotoron Shanu ne. Suka yi sahu uku a fili, Liman ya shige gaba. Daga nan suka nufi maƙabartar ƙauyen, bayan wani tudu, har muka daina ganinsu.

Muka rage mu mata. Bintu ta kawo ruwa a ƙwarya, Inna ta kurɓa kaɗan ta ajiye. Rana ta sauka ta zauna a kan tudun. Shanu suka fara dawowa, maruƙa na kuka a turke, uwayensu na amsawa daga nesa. Iska ta kwanta.

Can Inna ta ɗaga kai, ta karkata fuska kamar mai neman wani abu ta ƙaramar kafa.

"Sakina, mi ne wancan fari-fari da ke sauka?"

Na duba. Balbelu ne suka biyo shanu, suna sauka a kan wata busasshiyar itaciya bayan bukkoki. Ɗaya ta sauka, ta naɗe fiffike. Biyu suka biyo ta. Wasu suka zo daga yamma a jere, ƙasa-ƙasa, ba ko motsin kirki.

"Balbelu ne, Inna."

"Su kam na gan su," ta ce a hankali. "Wallahi su na gan su."

Muka zauna muna kallo. Suna ta zuwa suna sauka, reshe bayan reshe, har itaciyar ta yi fari fat.